Kafen bakin titinmu da takardar sakamakon akwatinmu

A bakin titin da ya nufi Panshekara, tsakanin mai facin taya da wata mai suyar awara, akwai wani ɗan kafe wanda ko allon suna ba shi da shi. Abin da aka rubuta da jan fenti a jikin ƙofarsa kawai shi ne fotokwafi, fasfo, cike fom. Ni malamar firamare ce, lissafi nake koya wa 'yan aji biyar da shida, kuma tun da aure ya fito da ni daga cikin gari ya kawo ni wannan yanki na Kumbotso, a nan nake buga takardun jarrabawa. Tun watan Agustan 2025 da hukumar zaɓe ta sake buɗe rajista ta intanet, matan unguwa ke tare ni a hanya suna tambaya ko wurin yana da kyau, ko za a iya miƙa masa kati a kwana da kwanciyar hankali. Na gaji da maimaita amsa a bakin famfo da gidan suna, shi ya sa na ce bari in rubuta ta gaba ɗaya.

Ɗaki ɗaya ne ɗan ƙarami. Kwamfuta biyu a kan tebur, babbar firinta 'yar Kwatano da ta sha duniya, injin laminatin, farin ƙyalle a bango na ɗaukar fasfo, sai benci ɗaya tal. Akwai sola da ke riƙe kwamfutocin idan an ɗauke wuta, amma firintar ba ta tashi sai an tayar da janareta. Mai wurin matashi ne, ya yi difloma a fannin kwamfuta, aikin gwamnati bai samu ba ya kama wannan, yana da yaro ɗaya da ke taya shi. Malama yake ce mini, ni kuma in ce masa ɗan nan, duk da ya ajiye iyali, saboda ƙanwarsa ta bi ta ajina.

Aikin zaɓe na farko da ya yi mini shi ne sauya rumfa, a 2022, kafin a rufe rajista a ƙarshen watan Yuli. Namiji zai ga kamar ƙaramin abu ne. Ranar zaɓe ana hana ababen hawa fita, ba ɗan sahu ba bas. Macen da ta yi rajista a ƙofar gidan iyayenta a Gwale ko Dala, aka kai ta Sheka ko Zawaciki, in dai ba za ta kwashi yara ta je gida ta kwana tun ranar Juma'a ba, zaɓe ya wuce ta. Mazan da za su yarda da wannan kwanan kuwa ba su da yawa. Na san mata da dama da katinsu ke cikin jaka sabo fil, rabon su da dangwala tun kafin a ɗaura musu aure. Ana jefa su cikin lissafin waɗanda ba su damu da zaɓe ba, alhali nisa ne kawai ya hana su.

Kafin ya taɓa kwamfuta sai da ya ce mini: "Malama, ki sani fa rajista da sauya rumfa kyauta ne a wajen hukuma, ko a wayarki za ki iya yi. Abin da zan karɓa kuɗin datata ne da lokacina da takardar da zan fitar miki." Naira 500 ya karɓa a lokacin. Ya shigar da lambar katina, ya tambayi adireshin sabon gida, sannan ya juyo da fuskar kwamfutar gabana ya nuna mini jerin rumfunan mazaɓarmu. A nan na gane amfanin ɗan unguwa. A 2021 hukumar ta ƙara yawan rumfuna a faɗin ƙasa suka kai 176,846, na Kano suka tashi daga 8,074 zuwa 11,222, kuma da yawa daga cikin sababbin ba su da cunkoso don mutane ba su koma cikinsu ba. Shi ya san wace ce ke gindin bishiya, wace ce rana ke dukan masu layi tun hantsi, wace ce 'yan jagaliya suka saba zagayawa. Ya ba ni shawarar wata sabuwa. Ni dai tsohuwar da ke cikin firamare na zaɓa, don a nan surukaina suke, kuma na fi son in fita tare da matan gidan.

Shafin yana neman hoto biyu, ɗaya fuska a ɗaure, ɗaya da murmushi. Ina zaune aka yi ta fama da wani dattijo ya ƙi murmusawa, wai shi ba ɗan fim ba ne. Sai da mai faci ya leƙo ya ce, "Baba, ai hoton neman amarya ne," sannan haƙora suka bayyana, yaron shagon ya ƙyasta. Katina ya fito, na karɓa da hannuna a watan Janairun 2023 lokacin da aka sauko da rabon kati zuwa mazaɓu. Wannan ba aikin kafe ba ne, kuma duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya karɓo miki kati, yaudararki zai yi. Ba a aike.

Aiki na biyu shi ne ainihin abin da ya sa nake yaba wurin, kuma ban san wani kafe a yankinmu da ya yi irinsa ba.

Hukumar zaɓe tana da wani shafi mai suna IReV, wanda ta fara gwadawa a wani zaɓen cike gurbi a jihar Nasarawa a watan Agustan 2020. Idan an gama ƙirga a rumfa, malamin zaɓe ya cike takardar sakamako, wakilan jam'iyyu suka sa hannu, sai ya ɗauki hotonta da na'urar BVAS, wadda ita ce dai ta tantance mutane da yatsa ko da fuska, ya tura shafin. Kowa zai iya shiga ya duba. Sai dai da Turanci yake, kuma sai ka bi jiha, ka bi ƙaramar hukuma, ka bi mazaɓa, ka lalubo rumfarka cikin jeri mai tsawo, sannan hoton ya ci data kafin ya buɗe. Ba ya kuma tara maka jimilla, hotuna ne zalla. Ga mai ƙaramar waya da sabis ɗin unguwarmu, aiki ne ja. Ɗan nan sai ya mayar da shi sana'a: ka kawo katinka, ya duba lambar rumfa mai kashi huɗu da ke jiki, wadda ta Kano ke farawa da 19, ya fitar maka da takardar akwatinku a kan kuɗin fotokwafi.

Daren 25 ga Fabrairun 2023 bai ci ribar abin ba. Shagon ya cika har waje, ana ta danna shafin, na 'yan majalisar tarayya suna shigowa, na shugaban ƙasa shiru. Daga baya hukumar ta fito ta ce tangarɗar na'ura aka samu, kuma har aka bayyana wanda ya yi nasara da asubar 1 ga Maris, rumfuna masu yawa ba su hau ba. Lokacin kuma ana tsakiyar wahalar takardar kuɗi, mutane da ƙyar suka haɗo abin da suka ba shi. Ya mayar wa kowa kuɗinsa. Na ga wannan da idona, kuma ya ƙara masa daraja a wajena fiye da duk wani iya aiki.

A zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha, wanda aka ɗaga daga 11 zuwa 18 ga Maris, abin ya tafi daidai. Ranar Litinin da aka bayyana sakamakon Kano an sa dokar hana fita, don haka sai bayan an sassauta na je, ana gab da kama azumi. Na tarar ya riga ya sauke takardun dukkan rumfunan mazaɓarmu da na maƙwabta, ya jera su a kwamfuta, kowace mazaɓa da jakarta. Ko babu sabis zai fitar maka. Ya miƙo mini biyu, ta gwamna da ta ɗan majalisa, da ɗuminsu.

Sunan takardar EC8A. A sama akwai sunan jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa da rumfa. Ƙasa da su akwai layuka da aka cike da biro: yawan masu rajista, yawan waɗanda aka tantance, ƙuri'un da aka kawo rumfar, waɗanda ba a yi amfani da su ba, waɗanda suka ɓaci kafin a jefa, waɗanda aka ƙi karɓa a wajen ƙirga, sannan halastattu. Daga nan sai jam'iyyu a jere bisa haruffa, kowace da adadinta da lamba da kuma kalmomi, da sa hannun wakilinta a gefe. A ƙasa ga sunan 'yar bautar ƙasar da ta jagoranci rumfar, da hatimi. Na gane rubutunta, don ina tsaye a bayan igiya lokacin da take cikewa, ta ɗora takardar a kan akwati, wani yana haska mata da fitilar waya.

Abin da na fara yi, halin sana'a, shi ne na tara na gani ko lissafin ya tashi. Ya tashi. Sannan na zauna a kan bencin na sake bi a hankali. Masu rajista a akwatinmu sun haura 700, waɗanda suka fito ba su kai 250 ba. A takardar gwamna tazarar tana da faɗi. A ta ɗan majalisar jiha kuwa, inda mutane suka yi wake da shinkafa, wato suka gauraya jam'iyyu, maimakon sak, abin da ke tsakanin na ɗaya da na biyu a akwatinmu bai kai yawan ƙuri'un da aka ƙi karɓa ba. Na tuna su sarai, don an ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kowa ya gani: wata an dangwala a kan layi tsakanin jam'iyyu biyu, wasu tawadar ta shafi wani gida saboda an naɗe takardar tun ba ta bushe ba. Tazarar kuma ba ta kai yawan manyan gidan surukaina da suka wuni a tsakar gida ranar da katinsu a ɗaki ba. Zan iya kiran sunayensu.

Ɗalibin da aka karanta masa matsayinsa a taron makaranta, na talatin da kaza, ba abin da ya koya sai kunya ko murna. Wanda aka damƙa wa takardar jarrabawarsa ya ga inda jan biro ya bi, shi ne ya san abin da ya faru. Duk shekarun da na yi ina zaɓe, sakamako a rediyo nake jin sa, miliyan kaza da dubu ɗari kaza daga bakin wani farfesa, adadin da mutum ba ya ganin kansa a ciki. Wannan takardar kuwa ta mutanen layinmu ce, kuma ɗaya daga cikin lambobin da ke kanta da yatsana aka cika ta.

Na sa aka yi mata laminatin, na kai wa Yaya. Yayana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. A 2015 tun kafin a kira assalatu yake layi, yana cikin masu cewa a kasa, a tsare, a raka. Tun daga zaɓen gwamna na 2019 ya jefa katinsa a durowa, ba ya fitowa sai banki sun nemi shaida. Maganarsa kullum ɗaya ce, ƙuri'a ɗaya ba ta tsinana komai, waɗanda za su hau sun riga sun hau. Ya karɓi takardar, ya juya ta, ya ce, "Ke dai malama ce, kin iya lissafi. To su ma sun iya."

Muhawarar nan har yau ba mu gama ta ba, kuma ba zan ce na kayar da shi ba. Ga abin da nake ce masa. Zaɓen da ya sa ya yi fushi, wanda aka ce inkonkulusib ne, wato bai kammala ba, a zagayen farko Abba Kabir Yusuf yana gaba da ƙuri'a 26,655. Bayan zaɓen cike giɓi na 23 ga Maris aka bayyana Abdullahi Ganduje da 1,033,695, Abba da 1,024,713. Tazara 8,982. Rumfunan Kano a lokacin 8,074 ne. Raba ka gani: mutum ɗaya da 'yan kai a kowane akwati. A Sakkwato, a wannan ranar dai, Aminu Tambuwal ya tsira da kujerarsa da 512,002, Ahmed Aliyu yana da 511,660. Ƙuri'a 342 a jihar da ke da mazaɓu 244, ko biyu-biyu ba su kai ba a kowace mazaɓa. A Osun a 2018 da 482 aka raba gardama. Kuma abin da ke sa a ce zaɓe bai kammala ba tun farko shi ne idan tazarar ba ta kai yawan masu zaɓen wuraren da aka soke ba. Ke nan duk mai goyon bayan wanda ke gaba da ya zauna a gida a zagayen farko ya taimaka wajen ƙuntata tazarar da ta buɗe ƙofar zagaye na biyu.

Shi kuma sai ya ce in je in tambayi mutanen mazaɓar Gama a nan Kano abin da suka gani ranar cike giɓin, ko da fensir da takarda aka je musu. Sai ya kawo Zamfara: a 2019 ɗan takarar APC ya samu 534,541, Bello Matawalle na PDP 189,452, amma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi zaɓen fid da gwani na halal ba, ƙuri'unta sun tashi a banza, aka rantsar da Matawalle. "Mutum dubu ɗari biyar da ɗoriya suka sha rana," in ji Yaya, "laifin wa aka ɗora musu?" A kan Zamfara ba ni da ta cewa. Talakan da ya yi layi a Gusau ko Talatar Mafara ba shi ya hana jam'iyya yin abin da doka ta ce ba, kuma shi aka zubar wa ƙuri'a.

Sai ya ƙara da ta gida. A 2023 Abba ya samu 1,019,602, Nasiru Gawuna 890,705, amma a watan Satumba kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta zare 165,663 daga ƙuri'un Abba saboda babu hatimi ko sa hannu a jikinsu, ta ce Gawuna ne ya ci. A nan kam ina da amsa, don Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un ranar 12 ga Janairun 2024. Ban da haka, wannan aibi ne da mai zaɓe zai iya tarewa da kansa. Tun bayan shari'ar nan ɗan nan yake gaya wa duk wanda ya zo masa da maganar kati cewa idan an miƙo maka takardar ƙuri'a, ka juya bayanta ka ga hatimi da sa hannu da kwanan wata kafin ka shiga wajen dangwalawa, in babu ka mayar a sa. Mata kuma yana ce musu a haƙura da jan lalle a yatsu idan zaɓe ko rajista ya matso, kuma a bar tawada ta sha iska kafin a naɗe. Ba ya karɓar ko sisi a kan wannan.

Akwai hujjar da ake yawan kawowa a rediyo, wai in da ƙuri'a ba ta da daraja ai da ba a saye ta da taliya da sabulu da atamfa ba. Ni ba na amfani da ita, don Yaya ɗan kasuwa ne, nan take zai ce ai sari suke yi, ba ɗai-ɗai ba, kuma ya yi gaskiya. Haka nan ba zan yi wa kowa ƙaryar cewa ƙuri'ata ɗaya za ta sauya shugaban ƙasa ba. Tsakanin 8,794,726 na Tinubu da 6,984,520 na Atiku akwai fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, kuma na san abin da ɗaya take a gaban wannan. Inda nake tsayawa da Yaya shi ne, ba wanda ke ƙin zaɓe shi kaɗai. Ranar da ya ajiye katinsa, matansa biyu sun ajiye, don ba mai raka su. Yaran shagonsa da ke jin maganarsa kullum sun ajiye. Babban ɗansa ya kai shekara goma sha takwas bai ma je ya yi rajista ba. Abin da yake kira ƙuri'a ɗaya, in aka ƙirga da kyau, ya fi tazarar da ke kan takardar ɗan majalisar akwatinmu. Da irin wannan ɗaya-ɗayan aka tara abin da aka gani a 2023, mutum sama da miliyan 93 a rajista, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa kusan kashi 27 cikin ɗari. A Kano masu rajista sun kusa miliyan shida, amma manyan 'yan takarar gwamna biyu ko miliyan biyu ba su haɗa ba. Yaya ya ce zai duba. Takardar dai ya riƙe, bai dawo mini da ita ba, sai da na sake biyan wata.

Ɗan nan ba ya zuzuta hajarsa fiye da kima, wannan ma abin yabo ne. Da wani ya ce zai kai takardar kotu, ya gaya masa gaskiya cewa hoton da aka fitar a kafe ba shi ne kwafin da hukuma ta tabbatar ba. Ita ma Kotun Ƙoli, a hukuncin zaɓen shugaban ƙasa na 26 ga Oktoban 2023, ta ce IReV wurin kallo ne, ba wurin tattara sakamako ba. Amfanin takardar shi ne ka gwada ta da wadda aka manna a bangon rumfa da wadda ke hannun wakilin jam'iyya, ka ga ko abin da aka ƙirga a gabanka shi ne ya hau. A akwatinmu shi ne. Ba ya kuma barin a manna masa fastar ɗan takara. Da daddare a liƙa a ƙofar, da safe ya sa yaron ya kankare, ko ta wace jam'iyya ce. Har yau ban san wa ya zaɓa ba, kuma a Kano wannan ba ƙaramin kamun kai ba ne.

Yanzu ga inda ya gaza, kuma na gaya masa a gabansa.

Babban aibinsa sakaci da sirrin mutane. Hotunan katunan jama'a suna nan zube a fuskar kwamfutar, gaba da baya, duk wanda ya tsaya a bayansa zai karanta suna da lamba. Wanda ba shi da imel sai ya buɗe masa, ya rubuta kalmar sirrin a wani littafi mai bangon kwali da ke kan tebur, wanda yaron shagon ke ɗora kofin shayi a kai. Wannan a garin da duk kakar zaɓe sai an ga masu bin gida-gida suna kwafar lambobin katin mata da sunan za a kawo tallafi. Ban ce yana ba kowa ba, ban kuma taɓa jin an zarge shi ba. Amma littafin da ke kan tebur ba ya buƙatar mai shi ya yi niyyar mugunta kafin ya ɓata. Da na yi masa magana ya ce, "In sha Allahu Malama za a gyara." Da na koma buga jarrabawar zango na gaba, littafin ya koma cikin durowa, hotunan suna nan inda suke.

Na biyu, yaron shagon. Yana da ladabi, amma gaggawa ta yi masa yawa, kuma yana rubuta suna yadda kunnensa ya ji, ba yadda yake a takarda ba. Wata maƙwabciyata da ta je gyaran suna, gyaran ya fito da sabon kuskure, sai da aka sake. Idan mai wurin ba ya nan, gara ki juya ki dawo.

Na uku, firintar. Idan tawadarta ta yi ƙasa ba ya saurin sauyawa, sai ya ciro ya girgiza ya mayar. A takardar jarrabawa wannan ba komai, a takardar sakamako kuwa 3 tana iya komawa 8. Ki duba adadin da aka rubuta da kalmomi, ko ki ce ya buɗe miki hoton a kwamfuta ya ƙara girmansa ki gwada.

Sai wurin zama. Bencin nan ɗaya daga la'asar ya zama majalisar samari, ana musun siyasa da ƙwallo, mace ta zo da goyo ta tsaya a rana a gefen janareta tana shaƙar hayaƙi. Wani lokaci yakan tashe su, wani lokaci kunya ta hana shi, don abokansa ne. Kujerar roba biyu a ajiye wa mata ba za ta karya shi ba. Farashi kuma ba a rubuce yake ba. Ni bai taɓa yi mini tsada ba, amma na lura wanda ya sauko daga mota ba abin da ake ce masa ake ce wa wanda ya zo a ƙafa ba, kuma yanzu da man fetur ya yi tsada, aikin da aka tayar wa janareta ya fi wanda aka yi da wuta kuɗi. Ki tambaya kafin a fara.

In maki zan ba shi yadda nake ba ɗalibaina, bakwai ne cikin goma, kuma biyu daga cikin ukun da ya rasa a kan littafin nan da hotunan katuna suka tafi.

Wadda za ta je, ta je da hantsi, kafin azahar, lokacin bencin babu kowa kuma sabis ya fi ƙarfi. Ranar Juma'a yana rufewa tun sha biyu sai bayan la'asar. Ki tafi da katin kansa, ba hotonsa a waya ba, da lambar wayar da ke hannunki, ba ta maigida ba, don kar saƙo ya shiga inda ba za ki gani ba. Mai sabuwar rajista ta sani cewa abin da kafe zai yi mata somin-taɓi ne kawai, dole ta je ofishin hukumar da kanta a ɗauki yatsunta da fuskarta. Kalmar sirri ki karɓa ki rubuta a takardarki, kar a sa a littafin. Kuma kafin ki tashi, ki ce ya goge hoton katinki a gabanki, har daga kwandon shara na kwamfutar. Zai yi, ba ya musu, sai dai in ba ki ce ba ba zai tuna ba.